Tsofaffin duwatsun gilashi: Abin da ya kamata a sani kafin a goge su ko a sayar

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, idan tsohuwa ta rasu aka buɗe adudunta ko kwallarta domin rabon gado, akan tarar da ƙullin tsofaffin duwatsun wuya: wasu sun dusashe, wasu sun ɓantare, zaren da aka shirya su a kai ya daɗe da ruɓewa. Sau da yawa ba a sanya su cikin lissafi kamar yadda ake sanya zinariya ko dabbobi. Akan miƙa wa yara su yi wasa, ko a sayar wa ɗan koli a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Alhali kuwa wasu daga cikin duwatsun nan sun haura shekara 100, kuma suna da masu nema tun daga Kasuwar Kurmi ta Kano har zuwa Turai da Amurka. Magadan da suka fahimci haka sukan fuskanci tambaya guda: a gyara su su yi ƙyalli, ko a bar su yadda suke? Amsar ta dogara ga sanin irin dutsen da ke hannu, domin gyaran da ke raya wani shi ne ke kashe darajar wani.

Ta ina suka shigo yankin?

Tambuwal na kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, kuma tun ƙarni na 19, lokacin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a can, garin ke tsakiyar zirga-zirgar mutane da kaya. Jega, wadda ke Jihar Kebbi a yau, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, kuma zango ce ga fataken goro masu zuwa Gwanja ta ƙasar Bargu. Ayarin da ke kai kanwa da tufafi da fatu, ya dawo da goro, shi ne kuma ke ɗauke da ƙananan kayan koli, ciki har da duwatsun ado, saboda ba su da nauyi, ba sa lalacewa a hanya, ga riba.

Ta arewa, kayan Turai na ratso Sahara daga Tarabulus. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya lissafa duwatsun birnin Benis na Italiya cikin kayan waje da ya gani a kasuwar birnin, tare da takarda da madubi da allurai. Ta kudu kuwa akwai ƙasar Nufe, wadda ke ƙarƙashin Gwandu a wancan zamani, kuma Gwandu maƙwabciyar Tambuwal ce. Bayan zuwan Turawa, kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC suka ci gaba da shigo da duwatsun gilashi ta jirgin ruwa da jirgin ƙasa.

Ire-iren duwatsun

Kashi na farko shi ne na Turai. A 1291 hukumar Benis ta mayar da maƙeran gilashi tsibirin Murano, inda daga baya aka shahara da duwatsu iri biyu da suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Ɗaya shi ne mai hawa-hawa na shuɗi da fari da ja, wanda idan aka dubi bakinsa sai a ga siffar tauraro. An fara yin sa a ƙarshen ƙarni na 15, kuma na farkon suna da hawa bakwai. Ɗayan shi ne dogo mai zanen furanni a jiki, wanda aka fi shigo da shi a ƙarni na 19 da farkon na 20. Akwai kuma na Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yau, waɗanda ake zubawa a ma'auni, shi ya sa akan ga siririn layi a jikinsu inda ɓangarorin ma'aunin biyu suka haɗu.

Kashi na biyu na gida ne. A unguwar Masaga ta Bida, zuriyar masu aikin gilashi, waɗanda ke danganta asalinsu da Masar, sun daɗe suna yin ƙarau da duwatsu. A da suna haɗa nasu gilashin daga yashi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'o'in hannu. Sana'ar kuma ta girmi Bida a ƙasar nan: tonon da Abidemi Babatunde Babalola ya jagoranta a Igbo Olokun ta Ile-Ife ya fito da duwatsun gilashi kusan 13,000, tare da shaidar cewa a can aka sarrafa gilashin tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Kashi na uku ba gilashi ba ne, ko da yake akan same su a zare ɗaya. Akwai tsakiya, wadda ake sassaƙawa daga dutse mai tauri, ana kawo irinta daga Kambai ta Indiya, daga baya kuma daga Idar-Oberstein ta Jamus. Akwai lantana, jan dutsen da fatake Hausawa ke ɗaukowa daga wajen Kirtashi, a bakin kogin Kwara cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, su kai wa masu huda a Ilori. Sai murjani, wanda daga teku ake samo shi.

Ƙwallayen wasa da suka koma abin wuya

Cikin tsofaffin duwatsun da ake samu a Afirka ta Yamma, akwai wasu kewayayyu, garai-garai, masu zare-zaren launi da suka murɗe a cikinsu. Waɗannan 'yan uwan ƙananan ƙwallayen gilashi ne da yaran Turai ke wasa da su. Cibiyar yin su ita ce garin Lauscha na Jamus, inda aka kafa masana'antar gilashi tun 1597. A shekarun 1840 aka ƙirƙiro wani almakashi na musamman a can, mai yanko ƙwallo daga sandar gilashi tun tana da zafi. Kowace ƙwallo takan fito da tabo a inda aka yanke ta, kuma wannan tabon shi ne shaidar aikin hannu.

A farkon ƙarni na 20 injin da Martin Christensen ya ƙera a garin Akron na Amurka ya fara fitar da ƙwallaye masu yawa cikin araha, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya karya kasuwar Jamusawa. Abin da ya rage na aikin hannu ya zama kayan tarihi. A yau, a Turai da Amurka, akwai masu sayen ƙwallayen da suka ji jiki, su goge su, su huda, su shirya su a zare. Masu tara kayan tarihi ba sa jayayya da hakan idan ƙwallon ta riga ta lalace; abin da suke ƙi shi ne a huda lafiyayya.

Yadda ake gyaran

Matakin farko, wanda sau da yawa shi kaɗai ya wadatar, shi ne wanki. Akan yanke tsohon zaren bayan an ɗauki hoton yadda aka jera duwatsun, a wanke su da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu maras ƙarfi da tsohon buroshin haƙori, a tsokace hudar da tsinke, a shanya a inuwa. Ba a tafasa su, domin sauyin zafi na farat ɗaya yana tsaga tsohon gilashi. Ba a kuma jiƙa su cikin ruwan lemun tsami ko wani abu mai tsami, musamman idan akwai murjani a ciki, domin tsami na cin sa.

Mataki na biyu shi ne guga. Ana murza dutsen a kan takardar goga ko garin silikon kabaid, a fara da mai kaushi a gangaro zuwa mai laushi, har sai kwarzanen ya ɓace, sannan a fito da ƙyallin da garin siriyam oksaid a kan fata ko ƙyalle mai kauri. Guga ba ta cike gurbi. Tana rage jikin dutsen ne har ya yi daidai da zurfin raunin. Saboda haka duk dutsen da aka goga ya ragu, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Mataki na uku, ga ƙwallon da ba ta da ƙofa, shi ne huda. Ana amfani da siririn ƙarfe mai bakin daimon, ana yi a hankali, ƙwallon na nutse cikin ruwa domin kada ta yi zafi. Akan huda rabi daga gefe ɗaya, a juya a ƙarasa daga ɗaya gefen, domin idan aka zarce kai tsaye bakin fitar yakan ɓantare.

Akwai kuma masu sake lasar gilashin da harshen wuta domin fuskarsa ta narke ta yi sumul. Wannan ya fi kowanne haɗari, domin sai an ɗumama shi sannu a hankali, an kuma huce da shi sannu a hankali daga zafin da ya kai kimanin digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, in ba haka ba ya tarwatse.

Inda gyara ke zama ɓarna

Ga mai sayen kayan tarihi, dusashewar dutse da zaizayewar bakin hudarsa, inda zare ya shekara yana ci, su ne takardar shaidarsa. Da su ake bambanta tsoho da sabon kwaikwayo, wanda masana'antun Indiya da Sin ke fitarwa da yawa. Wanda ya goge wannan shaida domin neman ƙyalli ya mayar da dutsensa kamar na jiya, a garin neman gira ya rasa ido. Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi ke bi ita ce a yi mafi ƙarancin abin da zai hana kaya ci gaba da lalacewa. Dutse lafiyayye wanki da sabon zare kawai yake buƙata. Wanda ya ɓantare har yana yankar fata ko zare, shi ne ya cancanci guga.

Akwai kuma batun lafiya. Ƙurar gilashi da ta dutse tana illata huhu kamar yadda take yi wa masu fasa dutse, kuma wasu tsofaffin gilasai na ɗauke da dalma ko sinadarin asenik da aka sa domin launi. Mutanen Kebbe, da ke iyaka da Zamfara, ba baƙi ba ne ga labarin gubar dalma ta 2010, wadda ta hallaka yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Girman haɗarin ba ɗaya ba ne, amma darasin ɗaya ne: ba a guga a bushe, ba a yi a tsakar gida kusa da abinci, ba a kuma barin jarirai su tsotsi tsofaffin duwatsu.

Kafin a sayar

Tun daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kasuwar tsofaffin duwatsun Afirka ta buɗe a Amurka da Turai, 'yan kasuwa, ciki har da Hausawa, suka riƙa bin ƙauyuka suna saye. Kayan da suka fita ba su dawo ba, abin da ya rage a hannun iyalai kuma kullum raguwa yake yi. A wannan zamani na tsadar rayuwa ba abin zargi ba ne mutum ya sayar da abin da ya gada, amma rashin sani shi ke sa kaza kwana a kan dami.

Gwaji na farko mai sauƙi ne. Gilashi da dutse suna da sanyi da nauyi, sukan yi ƙara idan aka ƙwanƙwasa su a haƙori, roba kuwa ba ta da nauyi, kuma allura mai zafi tana shigarta. Bayan haka, a nemi farashi daga dillali fiye da ɗaya, kada a tsinka zare a sayar ɗai-ɗai kafin a san abin da ke ciki. Kayan adon mace mallakinta ne, idan ta rasu kuma suna cikin dukiyar da za a raba, don haka yi musu ƙima kafin rabo kare haƙƙin magada ne, musamman mata da marayu.

Doka ma tana da abin cewa. Dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ta kuma hana fita da su waje ba tare da izini ba. Kayan tarihi a dokar sun haɗa da abin da aka tono a ƙasa, da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918. Duwatsun da aka samu a kufai ko tsohuwar maƙabarta, irin waɗanda masana suka tono a Durɓi Takusheyi ta Jihar Katsina, ba kayan kasuwa ba ne. Da zarar an ɗauke su daga inda suke ba tare da an rubuta komai ba, labarin da za su iya bayarwa game da mutanen da suka yi ado da su ya tafi ke nan.

Ga iyalin da ya zaɓi riƙe nasa, buƙatar ba ta da yawa: zare mai ƙarfi, ƙyalle mai laushi, wuri busasshe da damshin damina ba ya kai wa, da kuma takarda da aka rubuta sunan mai su, da garinta, da wadda ta gada daga gare ta.