Matsalar Fassara Kalmomin Ilmin Halayyar Ɗan'adam daga Ingilishi da Faransanci zuwa Hausa

Wannan takarda za ta duba wasu kalmomi ne na tushe a ilmin halayyar ɗan'adam, watau fannin da Turawa ke kira saikoloji, don a ga yadda Ingilishi da Faransanci suka yanka su, da kuma abin da hakan ke jawo wa mai fassara zuwa Hausa. Dalili kuwa shi ne Bahaushen Nijeriya ta Ingilishi yake karanta wannan ilmi, ɗan'uwansa na Jumhuriyar Nijar kuwa ta Faransanci. In kowanne ya bi sawun harshen da ya yi karatu da shi, to, za a wayi gari malamin Kaduna da na Maraɗi suna magana a kan abu guda da Hausa iri biyu.

Kamar yadda mahalarta suka sani, aikin daidaita Hausa ba yau aka fara shi ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a Kaduna a 1955, an yi taron Bamako a 1966, da na Yamai a 1980. Amma tarukan nan biyu ƙa'idojin rubutu suka fi duba. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, shi kuma harshe da adabi da hanyar koyarwa ya ƙunsa. Shi ko ilmin halayya, wanda Wilhelm Wundt ya buɗe wa ɗakin gwaji a Jamus tun 1879, galibi 'yan jarida da tafintocin asibiti aka bar wa fassararsa.

Bari mu fara da kalmar mind ta Ingilishi. Faransanci ba shi da takwararta sak. Esprit yake cewa, alhali wannan kalma ta haɗa har da ruhi da aljan da iya barkwanci. Haka nan Faransanci na da conscience guda ɗaya, inda Ingilishi ya raba biyu: consciousness, watau kasancewar mutum cikin hayyacinsa, da conscience, watau zuciyar da ke zargin mai ita in ya yi ba daidai ba. A wajen tunawa kuwa sai abin ya juye. Ingilishi ya ce memory kurum, Faransanci ya bambanta mémoire, ƙarfin riƙe abu a ka, da souvenir, abin da aka tuna ɗin. Ke nan su kansu harsunan biyu ba su yarda da juna a kan inda iyakoki suke ba, balle a ce ɗayansu ne ma'aunin da Hausa za ta bi.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne na Sigmund Freud. A littafinsa na 1923 ya kasa zuciyar mutum gida uku, ya kira su da kalmomin Jamusanci na yau da kullum, masu ma'anar "shi abin" da "ni" da "na saman ni". Faransawa suka bi shi da nasu na gida, suka ce ça da moi da surmoi. Masu fassara zuwa Ingilishi kuwa sai suka ɗauko Latin, suka ce id da ego da superego. Saboda haka ɗalibin Yamai na ganin magana ce ta kusa da shi, na Zariya kuwa yana ɗauka wani baƙon ilmi ne da sai an haddace. Akwai masu son a cike wannan gurbi da matakan nafsi uku da malamanmu suka sani, watau ammara da lawwama da muɗma'inna. Shawarar na da ban sha'awa, amma a ganina ba ta dace ba. Waɗannan matakai ne na tarbiyyar rai, ana hawa daga wani zuwa wani. Su ko na Freud sassa ne da ke aiki tare a lokaci guda.

Ita Hausa fa? Tana da nata rabon, kuma mai zurfi ne. Hankali ya ƙunshi lafiyar tunani, kamar a "taɓin hankali". Da natsuwa, kamar a "hankalinsa ya tashi". Da lura, kamar a "mai da hankali". Har da ladabi, in an ce yaro ya yi hankali. Zuciya ita ce mazaunin fushi da ƙwazo da shawara: ya yi zuciya, zuciyarsa ta mutu, zuciyata ta ba ni. Rai na nufin rayuwa, amma kuma shi ne ke ɓaci, shi ne ke so. Ga kuma kurwa, wadda aka yi imani maye na kamawa, ba ta da gurbi ko kaɗan a littattafan Turawa. Wannan rabo ya fi kusa da na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kuma keɓe wuri a Ihya'u don bayyana ƙalbu da ruhu da nafsu da aƙalu, yana mai gargaɗin cewa mutane na cakuɗa su. Masana da dama ma na ganin daga aƙalu ɗin nan Hausa ta samo hankali.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. A ce wata dattijuwa ta taso daga Abakwa, ta haye kogin Kaduna zuwa asibitin masu taɓin hankali na Barnawa, ta ce wa likita ciwon zuciya ke damunta. Tafinta da ya fassara kalma da kalma zai sa a nufi awon bugun zuciya, alhali baƙin ciki ne ya dame ta, ta daina barci, ta daina cin abinci. Shi kuma likita in ya ce depression, aka ce mata damuwa ce, sai 'yan'uwanta su ce ai kowa na da damuwa, a yi haƙuri, a koma gida. In kuma aka ce hauka, ba za su sake kawo ta ba. "Ciwon damuwa" da kafofin watsa labarai suka yaɗa ta rage wannan ɓarna, domin kalmar ciwo na nuna abu ne mai magani. Sai dai ana jin ta a wurin stress da anxiety ma. Ga ta ƙarshen nan, Faransanci na da anxiété da angoisse, mu kuwa muna da fargaba da zullumi da taraddadi, ba mu da dalilin ɗora wa damuwa kayan da ba nata ba.

Kunya ita ce ta fi wuya. Littattafan Ingilishi na lissafa shame cikin abubuwa masu ƙuntata rai. Amma A. H. M. Kirk-Greene, a Mutumin Kirki na 1974, ya sa kunya cikin siffofin mutumin kirki. Amaryar da ba ta faɗin sunan mijinta, da uwar da ke kawaici ga ɗan fari, ba wata cuta ke damunsu ba. A nan Faransanci ya fi taimako, don ya raba honte, kunyar wanda ya yi abin kunya, da pudeur, kunyar kamun kai. Duk mai fassara takardar tambayoyi daga Ingilishi ya tambayi Bahaushiya ko tana yawan jin kunya, za ta amsa da i, tana yabon tarbiyyarta, shi kuwa ya rubuta mata alamar cuta.

Shawarata ita ce kwamitin da zai yi wannan aiki ya haɗa malaman Hausa na ƙasashen biyu da likitocin ƙwaƙwalwa da malaman Arabiyya. Ya fara da kalmar Hausa, ya tattara jimlolin da take fitowa a ciki daga Bargery na 1934 da Abraham na 1949 da bakin jama'a, ya ƙayyade ma'anar da za ta ɗauka a ilmi, sa'an nan ya jera ta Ingilishi da ta Faransanci a gefenta. Inda aka rasa ta gida, kamar sunayen wasu cututtuka, a ari kalma ɗaya a daidaita ta da lafazin Hausa, a kuma yarda da ita daga Kaduna har Damagaram.