Gitar mai baki biyu: wane ne bakinta na gaskiya?

Wanda ya saba zaman dare a Badaguishiri lokacin bukukuwan bayan kaka ya san yadda kiɗa ya sake kama. Kalangu na nan, gurmi na nan, amma yanzu sai ka iske samari sun kewaye wani yaro rungume da gitar. Mafi yawan waɗannan gitar ɗin masu akwati ne, kuma a gindin wasunsu akwai ɗan rami inda ake soka waya a kai ta ga amfili. Ita ce nasaru ke ce ma elektro-akustik. Mu sai mu ce da ita gitar mai baki biyu, domin tana magana da akwatinta, tana kuma magana da wutar lantarki. Mai sayarwa yakan ɗora kuɗi saboda bakin na biyu, mai saye kuwa sau da yawa bai san abin da ya biya ba.

Bakin farko ba baƙo ba ne gare mu. Yadda fata ke ɗaukar motsin tsarkiya a kan ƙwaryar goge ta watsa shi, haka katakon fuskar gitar ke yi. Tsarkiya shida na ƙarfe suna jan wannan fuska da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana, ga ta kuwa ba ta kai kaurin santimita guda ba. Daɗin muryar duka daga nan yake fitowa.

Baki na biyu ɗan siririn abu ne da aka ɓoye ƙarƙashin jakin da tsarkiya ke hawa. Tun 1880 wasu ƴan'uwa biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, sunka gano cewa akwai duwatsun da in an matse su sai su fid da ƴar wuta. Da wagga dabara ce kamfanin Ovation na Amurka, wanda Charles Kaman maƙerin jirage masu saukar ungulu ya kafa, ya fito da gitar irin wannan a farkon shekarun 1970. To, ga inda gizo ke saƙa: wannan abu matsin tsarkiya kaɗai yake ji, iskar da ke kai da komo cikin akwati ba ta isa gare shi. Shi ya sa muryar da ke fita ta amfili takan zo a bushe, da kaifi, kamar an tsame mata romo. Gitar mai tsada da mai araha, in an soka musu waya, sai su yi kusa da juna ƙwarai. In an cire waya sai kowace ta koma matsayinta. Kuma in aka ƙure amfili, akwatin yakan kama ƙarar ya maida ta, sai ka ji kuwwa mai tsaga kunne. Masu sana'ar sukan toshe ramin fuskar da murfin roba domin maganin haka, wato su rufe bakin farko domin na biyu ya samu hanya.

Jihar Tawa ba ta da buƙatar aron misali daga nesa. Mdou Moctar, ɗan ƙasar Abalak, da katako da wayar burkin keke ya harhaɗa gitar ɗinsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a 2008, waƙoƙin sunka bi wayoyin hannu sunka gama Sahel, daga baya ya zagaya duniya da gitar ta lantarki zalla. Amma da sauyin mulki na Yuli 2023 ya rutsa da shi da mutanensa a Amurka, iyakoki a rufe, sai sunka zauna a Niyok sunka sake ɗaukar waƙoƙin faifansu Funeral for Justice da gitar mai akwati. Shi ne ya fito a 2025 da suna Tears of Injustice. Wanda ya saurari biyun zai ji waƙa guda ta yi tsawa a ɗaya, ta yi hira a ɗaya. Haka Fatou Seidi Ghali ta Illighadad, wadda ta koya da gitar ɗin yayanta: faifan farko na ƙungiyarta, na 2016, a fili aka ɗauke shi cikin ƙauye, kuma da wannan murya marar ado duniya ta san su.

A ganina, nan ne darajar gitar mai baki biyu take ga ɗan Badaguishiri. Gitar ta lantarki zalla gungumen katako ce in babu wuta, mu kuwa mun ga abin da ya faru daga Agusta 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke mana lantarki har tsawon watanni. Mai akwati ba ta jiran kowa. Da rana a yi koyo da ita a inuwar bedi, da dare in an samu gurup a wajen buki a soka mata waya. Pil guda na bolt 9 kaɗai take ci, sai dai a riƙa cire shi in za a ajiye ta, don zafi na sa shi yoyo ya cinye wayoyin ciki.

Akwai kuma maganar hunturu, wadda ɗan kasuwar Ƙonni ko na Sakkwato ba zai tayar maka ba. Maƙeran gitar suna son a ajiye ta inda laimar iska ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Hunturun Adar yana sauka ƙasa da rabin haka. Fuskar da aka yi da katako falle ɗaya, wadda ta fi zaƙin murya kuma ta fi tsada, ita ce ke fara tsagewa. Wadda aka yi da siraran falle da dama manne da juna muryarta ba ta kai ba, amma ta fi jimirin bushewa. Na taɓa ganin wani malamin makaranta da ya zuba albashin watanni kan irin ta farko. Kafin azumi ta dare tun daga jaki har gindi, kuma kafintan da ya kai ma bai san abin yi da ita ba face ya cusa mata gam. Mai irin wannan gitar ya riƙa rufe ta cikin jakarta tare da ɗan soso mai laima a cikin gwangwani mai huji, kada kuwa ya jingine ta ga bango mai shan rana.

Saboda haka, ya kai mai saye, kada ka yarda a fara soka mata waya a shago. Ka ce a kashe amfili tukuna. Ka kaɗa tsarkiya ɗaya ɗaya, ka ji ko muryar na daɗewa ko tana mutuwa nan take. Ka ɗaga ta ka hangi wuyanta kamar mai auna sanda, ka duba ko jakin ya fara ɗagowa daga fuska. Bayan haka ne za a soka waya, ka girgiza bakin ramin ka ji ko yana ƙarƙara. In ɓangaren wutar ne ya lalace wata rana, mai gyaran rediyo na iya sake shi da kuɗi kaɗan. Wuyan da ya karkace da fuskar da ta tsage kuwa, masu iya gyaransu ba su da yawa a ƙasar nan.