Babi na Bakwai: Hayaƙin Birni da Ruwan Sama Mai Asid

Duk hayaƙin da ya tashi daga salansar mota ko bututun masana'anta ko juji yana da inda zai sauka. Wani ya shiga huhun mutane tun bai yi nisa ba, wani kuma iska ta ɗauke shi ya gauraya da gajimare, ya dawo ƙasa tare da ruwan sama.

Daga ina gurɓatar take fitowa?

Tushenta ƙone-ƙone ne. Kwal da man dizal da baƙin mai suna ɗauke da farar wuta, in an ƙona su sai ta zama iskar salfa dayokzaid. Zafin injin mota da na janareto kuma yana haifar da iskar naitirojin okzaid. Akwai kuma ƙwayoyin toka da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ɗaya ya fi su kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya iya tare su, sai su zarce can cikin huhu, wasu har cikin jini.

A biranenmu ba sai an je nesa neman misali ba: tsofaffin motoci da adaidaita sahu a cunkoson Kano, janareto a bakin kowane shago, ƙona shara da leda, babbakar dabbobi da tsohuwar taya, ga itace da gawayi a madafa. Da hunturu kuma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zo ta ƙaru a kai. Da sanyin asuba iska mai ɗumi takan zauna a saman mai sanyi kamar murfi a kan tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar hawa, ya kwanta a kan unguwanni.

Illarta ga lafiya

Irin wannan yanayi ne ya rufe Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, lokacin da hayaƙin kwal ya haɗu da hazo. Ƙididdigar farko ta nuna mutum kusan 4,000 sun rasu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. A yau ɓarnar ta fi zuwa a hankali, ta hanyar asma, ciwon huhu a yara, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. Mai talla a bakin titi, da ɗan sandan da ke ba da hannu, da jaririn da ke goye a bayan mai suyar ƙosai, su ne suka fi shaƙa.

Yadda ruwan sama ke zama asid

Idan iskar salfa dayokzaid da ta naitirojin okzaid suka haɗu da danshi da iskar oksijin a sama, sai su koma asid. Ana auna wannan da ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, kuma duk sauka da maki ɗaya na nufin ƙarfin asid ya ninka sau 10. Ruwan sama na yau da kullum yana wajen 5.6, mai asid kuwa yakan sauka zuwa 4.3. Masani Robert Angus Smith ne ya fara nazarin abin a Manchester ta Ingila, ya kuma raɗa masa suna a 1872.

Ruwan ba ya ƙona fata, amma yana wanke sinadaran da tsiro ke ci daga ƙasa, yana kashe ƙwan kifi, yana cin dutse da ƙarfe. A shekarun 1960 da 1970 tafkuna da yawa a Suwidin da Norwe sun rasa kifinsu, alhali mafi yawan hayaƙin daga Ingila da Jamus yake tasowa. Dogayen bututun da aka gina don tsaftace iskar gida sun tura matsalar ne kan maƙwabta. A yankin Neja Delta, inda ake ƙona gas dare da rana, mazauna sun daɗe suna kukan saurin tsatsar kwanon rufinsu. A ƙasar Hausa kuwa ƙurar Sahara mai sinadarin alli tana rage kaifin asid ɗin, don haka babbar barazanarmu ita ce abin da muke shaƙa.

Magani

Tarihi ya nuna ana samun nasara idan aka tare hayaƙi tun daga tushe. Birtaniya ta kafa dokar tsaftar iska a 1956, ta hana ƙona kwal mai hayaƙi a wasu unguwanni. Yarjejeniyar Jiniba ta 1979 ta sa ƙasashen Turai rage farar wuta tare, tashoshin lantarki suka riƙa wanke hayaƙinsu da farar ƙasa. A 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci masana'antun da ke kewaye da ginin Taj Mahal su koma gas ko su tashi. Man fetur mai dalma na motoci ma an daina sayar da shi a duniya baki ɗaya a 2021.

A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke da alhakin sa ido. Abin da ake buƙata sananne ne: mai maras yawan farar wuta, motocin haya masu ɗaukar jama'a da yawa, tsayayyar wutar lantarki da ta hasken rana da za su kashe janareto, da kwashe shara a kan kari. Mai karatu ma yana da nasa rabon: ya kai abin hawansa wurin bakanike in ya fara hayaƙi, ya daina cinna wa juji wuta, ya fitar da janareto da murhu fili, nesa da ɗakin da yara ke kwana.