Horon Zuciya a Ƙwallon Ƙafar Yara

Horon zuciya shi ne koya wa ƙaramin ɗan wasa natsuwa, tattara hankali da yarda da kansa, kamar yadda ake koya masa tare ƙwallo da raba ta. A da koci ba ya ware wa wannan lokaci. Yaron da ƙafarsa ta yi sanyi a gaban 'yan kallo sai a kira shi matsoraci, a zaunar da shi a benci. Yanzu manyan makarantun koyon ƙwallo na saka shi cikin atisaye.

Babban dalili shi ne nauyin da aka ɗora wa yara. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, shekarar da Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10. Tun da Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars zuwa Turai a 2010, iyaye da dama a Arewa suka fara kallon ƙwallo a matsayin hanyar arziki. Yaron da ya fito gasar Ramat a Kano ya san masu farautar 'yan wasa na iya kasancewa cikin 'yan kallo, ya kuma san kuskurensa zai iya yawo a Facebook kafin magariba. Haka kuma, janyewar 'yar wasan motsa jiki Simone Biles daga wasu wasanni a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 ta ƙara rage kunyar maganar damuwa a tsakanin 'yan wasa.

Dabarun ba su da tsada. Mai bugun fanareti yakan ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja baya da taku iri ɗaya kullum, ya sauke numfashi, ya zaɓi kusurwa kafin alƙalin wasa ya busa usur, kuma ba ya sake shawara. Sabo da wannan tsari na hana hankali tafiya wajen ihun jama'a. Addu'ar da ƙungiyoyi ke yi kafin take wasa ma tana kwantar da zuciya.

Amfanin ya fi bayyana bayan kuskure: yaron da aka horar yakan nemi ƙwallo nan take, maimakon ya ɓuya a bayan abokin hamayya. Sai dai ƙwarin gwiwa iri biyu ne. Wanda ya dogara da yabo da mafarkin Turai kan rushe ranar da aka sallami yaro daga gwaji, kuma waɗanda ake sallama sun fi waɗanda ake ɗauka yawa nesa ba kusa ba. Wanda aka gina kan abin da yaro ya ga ya iya, kamar bugu da hagun da bara ba ya yi, ya fi jure faɗuwa.

Ƙungiyoyin unguwa ba su da kuɗin ɗaukar masanin halayyar ɗan'adam, don haka aikin na kan koci, wanda shi kansa galibi da tsawa aka horar da shi.