Ko Ka Sani? Maganin Tsutsar Akuya Yana Kashe Kunkuru

Ko ka san cewa allurar da makiyayi ke yi wa akuyarsa don maganin tsutsar ciki da ƙazuwa, idan aka yi wa kunkuru ita, tana iya shanye masa jiki har ya mutu? Maganin shi ne ivermectin, wanda ake samu a shagunan magungunan dabbobi da sunan Ivomec da wasu sunaye, kuma shi ne dai Mectizan ɗin da ake rabawa a ƙauyuka don cutar makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Magani ne mai albarka, har waɗanda suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun samu kyautar Nobel a 2015. Amma ga kunkuru da kififiya, guba ne.

An gane haka ne ta hanya mai ɗaci. A 1983 wasu likitocin dabbobi biyu a gidan namun daji na birnin Washington a Amurka, Teare da Bush, suka wallafa abin da suka gani bayan an ba wasu kunkurai wannan magani: ƙafafu da wuya suka saki, dabbar ta kasa ɗaga kai, wasu suka mutu. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, a jikin saniya ko ɗan Adam akwai wani shinge da ke hana maganin shiga ƙwaƙwalwa daga jini, a jikin kunkuru kuwa shingen ba ya tare shi. Sai maganin ya yi wa jijiyoyinsa abin da aka so ya yi wa na tsutsa. Tun daga lokacin littattafan likitancin dabbobi suka haramta shi ga duk wata dabba mai ƙoƙon baya.

To, kafin a yi maganar magani, wace tsutsa ce ma ake son kashewa? A nan masu kiwon kunkuru da yawa ke ruɗewa, domin ba kowace tsutsa ce abokiyar gaba ba. Kunkurun tudu mai cin ciyawa, irin babban nan na yankin Sahel wanda ake samu daga Senegal har Sudan, wanda shi ne na uku a girma a duniya kuma yanzu ya cika gidajen masu sha'awar dabbobi a Amurka, kusan kullum yana ɗauke da wasu ƙananan tsutsotsi farare, kamar guntayen zare, a ƙarshen hanjinsa. Masana da dama na ganin in ba su yi yawa ba, ba sa cutar da shi, wataƙila ma suna taimaka masa wajen motsa busasshiyar ciyawar da ya ci ta narke. Haka ma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a hanjinsa lafiya ƙalau. Jariran kunkuru har kashin manya suke ci, ta nan suke samun ƙwayoyin da za su narka musu abinci. Likitan da ya ga 'yan ƙwayayen tsutsa a kashin kunkuru mai ƙiba da kuzari, sau da yawa sai ya ce a bar shi.

Matsalar ba daga tsutsar take farawa ba, daga tsakar gida take. A daji kunkuru yana kashi ya wuce, ba lalle ya sake bi ta wurin ba. A gida kuwa, a ɗan fegin da aka killace masa yake kashi, a nan yake kiwo, a nan yake shan ruwa. Waɗannan tsutsotsi ba sa buƙatar wata dabba a tsakani: ƙwai ya fita cikin kashi, ya manne a ganye, kunkuru ya haɗiye, ya ƙyanƙyashe a ciki. Wata bayan wata adadin yana ninkuwa, har abin da yake maƙwabci ya zama annoba. In aka haɗa da sanyin hunturu, wanda ke rage wa kunkuru ƙarfin jiki tunda ba ya iya ɗumama kansa, da abincin da bai dace ba, irin ragowar tuwo da shinkafa, sai cuta ta samu ƙofa.

Akwai kuma waɗanda ba a sasantawa da su. Manyan tsutsotsi masu kauri, da kan kai tsawon santimita 10, suna iya cunkushewa su toshe hanji. Akwai wata ƙwaya da ake kira Hexamita, wadda kan bar hanji ta haura zuwa ƙoda ta lalata ta. Alamarta fitsari mai yauƙi da wari, da yawan shan ruwa, da rama. Akwai wata kuma, Entamoeba invadens, mai ban mamaki: kunkuru ko kififiya na iya ɗauke da ita ba tare da wata alama ba, amma in ta shiga maciji sai ta cinye masa hanji da hanta. Shi ya sa a gidajen namun daji ba a son haɗa su wuri ɗaya. Kififiya, da yake a ruwa take, tana da nata: wasu tsutsotsi masu faɗi da ke bi ta jikin dodon koɗi kafin su shige ta, wasunsu ma a jijiyoyin jini suke zama.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar kunkuru ba ta ba da labarin komai. Dabba ce mai ɓoye ciwo, kuma ƙoƙon bayansa ba ya ramewa, don haka yana iya zubewa daga ciki mai shi bai sani ba. Sikeli ya fi ido gaskiya a nan. Wanda ke auna kunkurunsa duk wata yana rubutawa zai ga raguwar nauyi tun kafin a kai ga ƙin cin abinci. Sauran alamun su ne zawo, majina ko jini a kashi, abinci ya fito bai narke ba, amai, idanu su faɗa, ko wani sashe na hanji ya leƙo ta dubura, wanda wannan na gaggawa ne. Sai dai a lura, farin abin nan mai kauri da kunkuru ke fitarwa tare da fitsari ba tsutsa ba ne, ba kuma ciwo ba ne. Hanyarsa ce ta fitar da dattin jiki ba tare da ya yi asarar ruwa ba.

Tabbaci yana wurin madubin likita. A samo kashi sabo, a zuba a roba mai murfi, a kai asibitin dabbobi a ranar. In za a jinkirta, a sa a firji, amma kada ya daskare. Dabarar samun sabon kashi mai sauƙi ce: a zaunar da kunkuru cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai kai masa hanci ba, yawanci cikin mintoci zai yi. A asibitin za a dama kashin cikin ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ƙwayayen tsutsa su taso sama saboda sun fi ruwan rashin nauyi, a ɗauke su a gilashi a duba. Ƙwayoyin da ke iyo kuwa sai a kashi mai ɗumi ake ganin motsinsu. Gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke dabba ba, domin tsutsa ba kullum take zuba ƙwai ba.

In magani ya zama dole, wanda aka fi amfani da shi ga tsutsotsi shi ne fenbendazole, da aka sani da Panacur, a baki ake bayarwa, kuma akan maimaita bayan kamar mako biyu. Ƙwayoyin da ido ba ya gani, metronidazole ake ba su, wato Flagyl ɗin da kowa ya sani. Tsila da masu faɗi kuma praziquantel. Ban kawo adadi ba da gangan. Kowannensu da nauyin dabba ake lissafa shi, kuma ko Panacur ɗin ma, in ya yi yawa ko aka jera kwanaki ana ba da shi, an ga yana rage wa kunkuru fararen ƙwayoyin jini. Kunkurun da ruwan jikinsa ya ƙafe, ko sanyi ya kama shi, sai an fara farfaɗo da shi da ruwa da ɗumi kafin a ɗura masa komai. A ganina, ɗabi'ar nan ta ba da maganin tsutsa duk bayan wata uku ba tare da gwaji ba, wadda aka aro daga kiwon tumaki, ba ta da gurbi a nan.

Magani kuma aikin banza ne in fegin bai sauya ba. A kwashe kashi kullum, a sauya ruwan sha, a daina zuba abinci a ƙasa, a riƙa matsar da wurin kiwo don rana ta gasa tsohon wurin. Sabon kunkuru, musamman wanda aka kamo daga daji ko aka sayo a kasuwa, a ware shi aƙalla wata uku a gwada kashinsa kafin ya haɗu da na gida.

Tsutsotsin kunkuru galibi ba sa rayuwa a jikin mutum, amma kashinsa na ɗauke da Salmonella, ƙwayar cuta mai jawo zawo da zazzaɓi. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da kififiyar da ƙoƙonta bai kai inci 4 ba tun 1975, don yara na sa su a baki. Duk wanda ya taɓa kunkuru ko ya share wurinsa, ya wanke hannu da sabulu, kuma kada a wanke kwanonsa inda ake wanke na gida.