SHEKARAR 2018: ATTAJIRI, ALƘALI DA SHUGABA SUN TAFI, ME SUKA BARI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, akwai shekarun da in mutum ya waiwaye su sai jikinsa ya yi sanyi. Shekarar 2018 tana cikinsu, domin a cikinta ne ƙasar nan ta yi rashin wasu dattawa uku waɗanda hanyoyinsu suka sha bamban, amma ajali ya tara su cikin watanni takwas.

Na farko shi ne Halifa Shehu Isyaka Rabi'u na Kano, wanda ya rasu a London ran 8 ga Mayu, cikin watan Sha'aban. Ɗan malami ne, mahaddacin Alƙur'ani, ya yi almajirci har Maiduguri kafin ya shiga kasuwa. Ya kafa masaƙar Bagauda, ya gina babban masallaci a Goron Dutse, ya zama Halifan Tijjaniyya a Nijeriya. Duk yawan dukiyarsa, ba ta raba shi da allo ba, mahaddata kuwa ba su yanke daga ƙofarsa ba.

Na biyu shi ne Mai Shari'a Mustapha Akanbi, mutumin Ilori, wanda ya cika ran 3 ga Yuni, ana tsakiyar azumi. Ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, kana a shekarar 2000 aka ɗora masa shugabancin hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci, shi ne na farko a wannan kujera. Da wa'adinsa ya cika a 2005 sai ya koma gida, ya duƙufa kan hidimar makaranta da wa'azi.

Na uku namu ne na nan ƙasar Sakkwato, watau Alhaji Shehu Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato. Da malamin makaranta ya fara, a Sakkwato da Argungu, har Allah ya kai shi shugabancin Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1979. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓe mulki, aka tsare shi. Ya rayu bayan wannan shekara 35, saura kwana uku, babu jiniya babu fareti, har ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba. Aka kai shi garinsu Shagari aka rufe.

To, jama'a, ina darasin? Ɗaya ya riƙi dukiya, ɗaya ya riƙi alƙalamin hukunci, ɗaya ya riƙi ƙasa. Dukansu amana aka ba su, dukansu kuma da likkafani kaɗai suka fita. Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa aikin mamaci yana yankewa in ban da sadaka mai gudana, da ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

Mu da ke zaune a bakin iyaka, daga Tozai zuwa Illela, inda shanu da albasa da hatsi ke kai da kawowa tsakaninmu da Birnin Ƙonni, wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Falke yana da mudu, ma'aikaci yana da hatimi. Wanda ya tauye mudu, ko ya ɓoye hatsi don ya yi tsada, da wanda ya ƙi buga hatimi sai an ba shi na goro, su sani tambayar da ke jiran manya ita ce ke jiransu. Ƙanƙantar ofis ko ta rumfa ba ta rage nauyin amana.

Ba mu ce waɗannan bayin Allah ba su da kurakurai ba, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, hisabinsu kuwa yana wurin Mahaliccinsu. Abin da ya rage gare mu shi ne kowa ya duba mudunsa da hatiminsa tun yana da sauran numfashi.

Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, amin.