Rigar da 'yan ƙwallo ke sawa ƙarƙashin jesi: yadda take auna gajiya kafin rauni

Duk mai shiga gidan kallon ƙwallo a Wurno ko Goronyo ya san shewar da ake yi idan ɗan wasa ya cire jesi aka ga wata 'yar baƙar riga a ƙirjinsa, har wasu su ce rigar mama ce. Aikin rigar shi ne riƙe wata na'ura da ba ta kai ƙaramar waya girma ba, a wani aljihu tsakanin kafaɗu. Kamfanoni biyu ne suka fi suna wajen ƙera ta, Catapult na Ostireliya da STATSports na Ayalan ta Arewa. Tun 2015 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince a riƙa sa ta har a wasan gasa.

A cikinta akwai GPS da ke duba inda ɗan wasa yake sau 10 a kowace daƙiƙa, da ma'aunin motsi irin wanda ke juya fuskar waya idan an karkata ta, kuma ana haɗa ta da ma'aunin bugun zuciya. Da su ake sanin kilomita nawa ya ci, sau nawa ya zura da gudu, sau nawa ya tsaya cak. Zurawar nan ce ta fi yaga tsokar bayan cinya. Leicester City, kulob ɗin da Ahmed Musa ya koma a 2016, tana amfani da irin waɗannan na'urori a kakar 2015/2016 da ta ci Firimiyar Ingila, kuma tana cikin waɗanda suka fi ƙarancin masu jinya a kakar.

Daga nan ƙirƙirarriyar basira ke karɓa. Ana loda wa manhaja bayanan atisayen 'yan wasa masu ɗimbin yawa, tare da ranar da kowa ya ji rauni, ita kuma ta laluɓo abin da ya saba faruwa kafin raunin. Idan ta ga ɗan wasa ya hau wannan turba sai ta ja kunnen koci ya rage masa aiki. Liverpool ta yi aiki da irin wannan manhaja ta kamfanin Zone7 a kakar 2021/2022.

To amma manhajar ba boka ba ce. Ba ta ganin takalmin da zai sauka a kan ƙwauri, ba ta ganin ramin da ke tsakiyar filin firamare, kuma sau da yawa takan yi gargaɗi a kan wanda lafiyarsa ƙalau. Wata matsalar ta fi shafar gabashin Sakkwato. Galibin abin da ta koya daga ƙwararrun Turai ne, masu ci da barci bisa tsari. Ba ta san zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba, ba ta kuma san cewa matashin Rabah ya wuni yana ban ruwan albasa a fadama kafin ya zo fili da la'asar ba. Aikin gona ba ya shiga lissafin riga, alhali ƙafar da ta yi shi ita ce za ta buga ƙwallo.

Babbar alamar da ake bibiya ita ce aiki ya ƙaru farat ɗaya, kuma wannan ana iya auna shi da waya ko littafin rubutu. Masanin motsa jiki Carl Foster ya fito da hanya mai sauƙi: bayan atisaye a tambayi ɗan wasa yadda ya jigata daga 0 zuwa 10, a ninka da mintocin da ya yi. Minti 90 da maki 6 ya ba da 540. A tara na mako, a raba da matsakaicin makonni huɗun baya. Wanda ya saba yin 1,500 a mako, gasar hutun Sallah ta zo ya yi 2,700, ya kai 1.8. Tim Gabbett ɗan Ostireliya ya nuna a 2016 cewa haɗari na ƙaruwa idan an wuce 1.5. Wasu masana sun soki wannan ma'auni, don haka a ɗauke shi a matsayin dalilin zama da yaro a tambaye shi, kada a mayar da shi hukunci.

Nan kocin unguwa ya fi manhaja, domin yana iya sa wunin gona ko dakon buhunan shinkafa a lissafi, da mintocinsa da makinsa. Haka ma mai horar da 'yan kokawa da ke fitowa fage bayan kaka. Sharaɗin kawai shi ne a tambayi kowa shi kaɗai, domin a gaban abokai babu matashin da zai yarda ya ce ya kai 9, balle in yana tsoron a ajiye shi a benci ranar wasan ƙarshe.